Uwar Gansakuka

Shafi na 27

Masu cewa na bar Auta tana ta dariya tun shafi na ashirin, wai labari ya yi sanyi, to ku gyara zama. Ku kuka nema.

*

Kwana uku ya rage Auta ta kare kundin digirinta na uku, kuma da safen nan ta shigo ɗakin gwaji da takalmi mai tsini, wai tana koya wa ƙafarta tafiyar ranar Alhamis. Shekara biyar ƙafar nan ba ta san komai ba sai takalmin roba.

Kwalabenta goma sha biyu na nan jere a kan kanta, kowace ta kai tulu girma, ruwan cikinsu kore shar, tiyo na hura musu iska suna ɓulɓul. Shida masu jan salatif a murfi su ake hura wa iskar kabon, irin wadda hayaƙin motoci da masana'antu ke ƙara wa duniya. Shida masu shuɗin salatif iskar Allah kawai suke sha. A cikin ruwan akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani sai ta madubin gwaji, su ne abincin 'ya'yan kifi. Tambayar Auta guda ce tun ranar farko: in iskar nan ta yi yawa, wa zai mutu a cikinsu, wa zai rage? Saboda su duk sashen ke ce mata Uwar Gansakuka, ita kuma tana amsawa har da fari.

Baba Mai Makulli, dattijon da ke kula da ɗakin shekara talatin da biyu, yana durƙushe yana duba tukunyar iskar.

"Baba, bar tukunyar nan ka zo ka ji."

"Ina jin ki, 'yata."

"A'a, sai ka zauna. Shafin godiya ne. Sunanka na sama da na Farfesa, kada ka faɗa masa."

Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ta buɗe kundin ta karanto, tana fassara masa:

"Ga Baba, wanda ya riƙe min kwalabena lokacin da ni na kasa riƙe kaina, bai taɓa bari kuskure ko ɗaya ya same su ba."

Ta ɗago tana jiran ya yi dariyar nan tasa ta mai giɓi.

Bai yi ba.

"Goge shi," ya ce.

"Na'am?"

"Ki goge wannan layin. Don girman Allah."

"Baba, kunya ce? Ai an riga an buga kwafi shida."

"Ba kunya ba ce."

Hular ta zame ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Nan gaban Auta ya faɗi, don Baba mutum ne da ko tsinke ya gani a ƙasan ɗakin nan sai ya sunkuya.

"Ranar da aka kwantar da ke a asibiti," ya ce. "Kin tuna?"

Ta rufe kundin. Wace mace ce ke manta ranar da ta yi ɓarin cikin wata biyar? Mako shida ta yi ba ta tako ɗakin nan ba.

"Ranar na'urar sanyin ɗakin nan ta ƙone. Da hantsi. Kafin azahar ɗakin ya zama murhu. Na san in suka wuni a haka sun dahu."

"Ka faɗa min ai. Ka kai su ɗakin sanyi na ƙasa. Kai ka cece su."

"Na faɗa miki rabi."

"Ina sauran rabin?"

Ya nuna kantar da haɓa.

"Tiyo ba ya kaiwa ƙasa. Sai na cire murafen na bar su rataye a jikin tiyonsu, na rufe bakin kwalaben da leda. Kin san lambarki a murfi take."

Ta sani. Ita da bakinta take gaya wa 'yan aji ɗaya duk shekara: a jikin kwalba ake rubutu, ba a murfi ba, don murfi ɗan yawo ne. Amma nata kwalaben kullum a jiƙe suke, tawadar alƙalami ba ta kama gilashin, sai ta manna salatif a murafe ta ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan shi ne yau shekara biyar.

"Na yi dabara," in ji Baba. "Na ɗauki alli na rubuta wa kowace lambarta a jiki. Wallahi na rubuta. Na kwashe su huɗu-huɗu a keken turawa, sawu uku."

"To?"

"Washegari aka gyara na'ura, na je kwaso su. Kin san kwalba in ta sha sanyi gumi take yi. Takwas allinsu na nan, ana gani. Huɗun da ke kusa da ƙofa, gumi ya wanke shi tas."

"Baba."

"Biyu na ja, biyu na shuɗi. Na tsaya na dube su, na dube su. Kore ne, 'yata. Dukansu kore ne. Ni ba madubi gare ni a ido ba."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na yi bisimilla na rufe."

Iska na ta ɓulɓul a cikin kwalaben. Auta ta cire takalmin ɗaya, ta cire ɗayan.

"Waɗanne lambobi ne?"

"Uku da biyar. Takwas da sha ɗaya."

Ba ta buƙatar buɗe littafi. Ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗi tarihin waɗannan huɗun. Shekara biyu kwalaben ja suna lalacewa a gabanta. Manyan tsirran masu ɓawo kamar gilashi, waɗanda kifi ke so, suna ta ƙarewa, wasu mitsi-mitsi marasa amfani suna cinye wurin. Sai ga shi da ta dawo daga jinya ta ɗiga ruwan lamba uku a madubi, ta ga manyan sun dawo, cike fal, lafiyayyu. Lamba biyar ma haka. Ta tuna yadda ta yi kuka a kan madubin har ya yi hazo. A lokacin ko ruwa ba ya wuce mata maƙogwaro, sai da mijinta Injiniya ya ɗauko ta kusan dole ya kawo ta. Ganin nan ne ya tashe ta daga kwance.

Daga nan aka haifi babi na biyar, zuciyar kundin duka: cewa tsirran na iya sabawa da iskar, su farfaɗo da kansu. Shi ne abin da mujallar ƙetare ta karɓa. Shi ne abin da ya sa aka san da ita.

Takwas da sha ɗaya kuwa, masu shan iskar Allah, ta dawo ta tarar sun lalace ba dalili. Ruwa ba ya tsami banza, ta faɗa a lokacin. Farfesa ya ce datti ne ya shiga, a cire su daga lissafi.

"Ba su farfaɗo ba ke nan," ta ce a hankali. "Ba su taɓa shan iskar ba ne. Lafiyayyu ka sa wa jan murfi."

"Ban sani ba ko haka ne."

"Ni na sani."

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara uku, Baba! Kullum ina gaishe ka. Kullum kana tambayata ya yarana na kwalba. Shekara uku kana kallona ina gini a kan yashi?"

"Na so in faɗa."

"Me ya hana ka?"

"Ranar da abin ya faru na je na sami Farfesa. Na faɗa masa komai, har da allin."

"Farfesa ya sani?"

"Ya ce in bar masa. Ya ce ba ki da lafiya."

"Da na warke fa?"

"Da kika warke kina dariya. Wa zai iya?"

Hawaye na bin furfurar gemunsa. Ta so ta ji tausayinsa, ta lalubi tausayin a ranta ta rasa.

"Wa kuma ya sani?"

"Mu uku ne."

"Wane ne na ukun?"

"Na rantse ba zan faɗa ba."

"Ka rantse? Kai da ka yi bisimilla ka rufe min ƙarya?"

Maganar ta fi ƙarfin bakinta, ita ma ta ji. Baba ya runtse ido kamar an mare shi. Ta zura ƙafa cikin tsohon takalmin robarta da ke ƙarƙashin tebur, ta ɗauki littafin ƙirgarta, ta fita.

*

Ofishin Farfesa na hawa na biyu, ƙarshen baranda. Farfesa shi ne mai duba aikinta, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa ɗaga ta ga kowa ba, don bai taɓa buƙata ba. Ta tura ƙofa ba sallama.

"A'a, Uwar Gansakuka da kanta. Dama ina nemanki. Baƙon malamin da zai jarraba ki ya kira, gobe zai iso. Ya ce babi na biyar ya hana shi ajiye kundin."

"Uku da biyar, takwas da sha ɗaya."

Ya cire tabarau. Ya ninke shi. Ya sa a gidansa, ya rufe. Duk wannan kafin ya ce:

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Zauna."

"Na gode, a tsaye ma ina ji."

"Tsohon nan ya kasa haƙuri ke nan. Wata guda ya rage masa ya ajiye aiki cikin mutunci."

"Gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ranka ya daɗe?"

"Ya faɗi abin da yake tunawa."

"Kai ka ce min datti ne ya shiga takwas da sha ɗaya."

"Zai iya zama datti."

"Kana sane da maganar allin ka ce min datti."

"Kina da hujjar cewa ya musanya? Shi kansa bai sani ba. Ƙila ma daidai ya mayar."

Ta buɗe littafin a kan teburinsa, ta danna yatsa a shafin.

"Duba ƙirgar lamba takwas kafin in kwanta. Yanzu duba ta lamba uku bayan na dawo. Iri ɗaya, jinsi ɗaya, har 'yar doguwar nan mai ƙaho da babu ita a ko'ina sai a takwas. Ta yi fiffike ne ta tashi ta koma uku?"

Bai dubi littafin ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Da ya duba, da ta ce bai taɓa lura ba.

"Kuma da uku da biyar suka fara lalacewa bayan wata takwas," ta ci gaba, "kai ka ce ƙirga ta isa haka, in rufe in fara rubutu. Na ɗauka tausayina kake ji."

"Tausayinki nake ji."

"Ka ga za su tona asiri ne."

"Ki iya bakinki, yarinya."

Ya faɗa a hankali, kamar mai ba da shawarar magani. Ya jingina da kujera.

"Bari in tambaye ki. In kika cire babi na biyar, me ya rage?"

"Gaskiya."

"Kwalba huɗu a nan, huɗu a can, da giɓin mako shida a tsakiya. Ba digiri a ciki. Za a ce ki koma ki ɗebo sabon ruwa, ki sake shekara uku. Jami'a ba ta ba kowa shekara takwas, kin sani. Lokacinki ya ƙare a wannan zangon."

"Amma mun gaya wa duniya cewa suna sabawa. Mun ce kada a ji tsoro. Ba sa sabawa, Farfesa, mutuwa suke yi!"

"Duniya? Mutum nawa kike zaton za su karanta? Arba'in? A cikinsu wa zai zo ya ɗaga murfin kwalbarki?"

"Ni na ɗaga."

"To ki mayar ki rufe. A bar kaza cikin gashinta."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda guda, ya ajiye a kan littafin nata, daidai kan shafin da ta buɗe.

"Takardar shaida ce. Kowane ɗalibi yana sa hannu kafin ranar kare kundi, cewa aikin nasa ne kuma abin da ke ciki gaskiya ne iyakar saninsa. Ƙarfe huɗu ake rufe ofishin."

"Da jiya ka ba ni, da na sa hannu da zuciya ɗaya."

"To ki ɗauka jiya ce."

"In na ƙi fa?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"Sai a kafa kwamiti. Kwamiti zai tambayi wa ya rubuta lamba a murfi. Ke. Wa ya yi ƙirga. Ke. Sunan wa ke farko a mujalla. Naki. Sannan a kira tsoho a tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa gwajin ɗaliba, a sallame shi da baƙin tabo ana saura kwana talatin."

"Kai fa?"

"Ni? Ni ban tuna wani ya zo min da maganar alli ba."

Ta dube shi. Mutumin nan shi ya fara nuna mata ɗigon ruwa a madubi tana 'yar shekara sha tara, ya ce duba, gari guda ne a nan. Saboda shi ta zaɓi wannan hanya, 'yan ajinsu suna mata dariya wai za ta yi digiri a kan kwata. Yau ta ji ta tsane shi, kuma tsanar ba ta rage mata komai daga cikin ciwon ba.

"Baba ya ce ku uku ne."

"Haka ya ce?"

"Wane ne? Shugaban sashe?"

"Wanda ya fi ni son ki zama Dakta." Ya mayar da tabarau. "Ƙarfe huɗu, Auta. Ki tafi ki wanke fuskarki."

*

Ba ta koma ɗakin gwaji ba. Ba za ta iya jin ɓulɓul ɗin nan ba yanzu. Ta zauna a kan matakalar bayan ginin da takardar a cinya, tana kallon layin da aka bar wa sa hannu.

Shekara biyar. Sau nawa ta shiga kwale-kwale da jarkoki ta ɗebo ruwan nan da hannunta? Sau nawa aka yi sha'ani a danginsu ba a gan ta ba, har yayyenta suka daina kira? Mahaifiyarta ta riga ta gaya wa duk maƙwabta ranar Alhamis autarta za ta zama Dakta, tana ƙarawa da cewa ba ta allura ba ce, ta ruwa ce. Kuma akwai abin da Auta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: ta daɗe tana lallashin kanta cewa ta rasa ɗa amma an bar mata uku da biyar.

Ta ɗauki biro. Ta ajiye. Ta sake ɗauka.

Ƙarfe ɗaya daidai ta ji hon ɗin motar Injiniya, sau biyu gajeru, yadda ya saba tun shekarar farko. Bai taɓa latti ba. Shi ne mai kai ta bakin ruwa, shi ne mai ɗaukar jarka, shi ya fara kiranta Dakta tun kafin ta rubuta shafi ɗaya. In akwai wurin da za ta sauke wannan kayan, to nan ne.

Ta shiga ta ja ƙofa.

"Dakta ta ruwa! Ina takalmin gayun? Har ya kayar da ke?"

Ta buɗe baki, sai kuka ya riga magana fitowa. Irin kukan da ba ta yi ba tun asibiti.

"Subhanallahi. Me ya faru? Mama ce?"

Ta girgiza kai.

"To mene ne? Yi min magana."

Ya tayar da motar ya ja su daga gaban ginin, don ɗalibai sun fara leƙe. Sai da suka fita ƙofar jami'a suka shiga layin motoci a bakin danja sannan ta iya haɗa kalmomi.

"Babi na biyar ƙarya ne."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Lokacin da nake asibiti an musanya min murafe. Ba su farfaɗo ba. Ba abin da ya farfaɗo. Farfesa ya sani tun ranar, yanzu ya ce in sa hannu a kan cewa gaskiya ne kafin ƙarfe huɗu."

Injiniya ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ya miƙo hannu ya kama nata.

"Ki sa hannun."

Ta juyo.

"Me ka ce?"

"Ki sa hannu, Auta. Na ga abin da kika sha. Na ga lokacin da kika koma kamar ba za ki tashi ba. Ba zan iya sake ganin haka ba, wallahi ba zan iya ba."

"Ƙarya fa kake cewa in rantse a kai."

"Wace ƙarya? Aikinki ne, guminki ne. Haba Dakta, guda huɗu ne fa kacal a cikin sha biyu. Sauran takwas ɗin ai allinsu bai goge ba."

Danja ta ba da hannu. Motar gaba ta wuce.

Auta ta zare hannunta daga nasa a hankali. Kukan ya tsaya cak.

"Ban ce maka huɗu ba ne."

Na baya suka fara danna hon. Injiniya na riƙe da sitiyari, idonsa a kan titi, ƙafarsa ta ƙi barin birki.

"Kuma ban yi maka maganar alli ba."